Yaya za a ja wutar lantarki zuwa nesa a duniyar wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon cajin waya a Agege. Na ja wuta daga janaretan maƙwabcina, tazarar kamar taku sittin, sai fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin yunwa, wayar wutar kuma ta ɗauki zafi. Sai ga shi na ji a rediyo wai Amurkawa na shirin jan wuta a duniyar wata. Mu taku sittin ya gagare mu, su ta yaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ciwonka da nasu duk ɗaya ne. Kowace waya tana cinye wani kaso na wutar da ke bi ta cikinta, ta mayar da shi zafi, kuma tsawo da siranta suna ƙara mata ci. Idan yawan wutar da ke kwarara ya ninka biyu, asarar ninki huɗu take yi. Maganin shi ne a ɗaga bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar, don a rage yawan wutar da ke kwarara a waya. Shi ya sa wutar tashar Egbin da ke Ikorodu ake kai ta bolt 330,000 kafin ta hau manyan turaku, sannan taransifoma ta yi ta sauke ta mataki-mataki har ta iso shagonka a 230.

Me ya kai su jan wuta a wata? A yawancin sassansa dare ɗaya yana kai kwana 14 namu, sola ba ta da amfani a lokacin. A ƙuryar kudu kuwa akwai wani rami, Shackleton, faɗinsa kilomita 21, zurfinsa ya haura kilomita 4. Bakinsa na samun rana mafi yawan lokaci, amma ƙasansa ba ya ganinta sam, kuma a irin waɗannan ramuka ake sa ran haƙo ƙanƙara. Ka ga farantan sola na sama, aiki na ƙasa.

Nan ne gizo ke saƙa. Kowane kilo na waya sai roka ta ɗauke shi daga nan, don haka ba zancen jibga mai kauri. Alminiyom ya fi jan hankali saboda ya fi jan ƙarfe sauƙin nauyi. Babu iska da za ta sanyaya waya ko na'ura idan sun yi zafi. Ƙasar wata busasshiya ce ƙayau, ba ta ɗaukar wuta, wato sandar nan da mai wayarin ke kafawa a bayan gida ba za ta yi aiki a can ba. Ga ƙura mai kaifi kamar garin kwalba tana cin rigar waya. Har tuntuɓe ma matsala ne: a 1972 ɗan sama jannatin Amurka John Young, a tafiyar zuwa wata ta Apollo 16, ya harɗe da wata waya ya tsinke ta, gwajin auna zafin cikin wata ya tashi a banza.

A 2024 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kammala wata gasa kan kai wuta tazarar kilomita 3 cikin sanyi irin na wata. Tawagar Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta ci dala miliyan 1 da waya mai bolt 800 da batura a kowane ƙarshe. Wasu na son a harba wutar da hasken leza ba tare da waya ba, amma ana asara mai yawa wajen mayar da wuta haske, a sake mayar da shi wuta. Ni dai na fi amincewa da waya.

Kai kuwa ba roka za ka hau ba, sayo waya mai kauri, 2.5 ko 4 ta jan ƙarfe zalla, ba siririyar nan ta fitila ba. Kada ka bar ragowarta a naɗe, warware ta, kuma ka sa mai wayarin ya duba wuraren da aka yi haɗi da salatif.