Ku Tambayi Mai Gyara: GTA VI da zancen fada

Assalamu alaikum. Tun da hunturu ya kama, ƙura ta hana ni sakat a shago, duk na'urar wasan da aka kawo sai ka ga fankarta ta toshe da jar ƙasa. Saƙonninku kuwa na wannan karon kusan duk kan abu guda suka taru, wato GTA VI, sabon wasan bidiyon da ake ta jiran fitowarsa. Na zaɓi huɗu. Wanda ya yi tambayar batirin waya mai kumbura ya yi min haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Yaya, gardama ce ta kaure a fadarmu ta unguwar Zariya har shayi ya huce. Wani ya ce an gama GTA VI tuntuni, ɓoye shi ake yi don a ja kuɗi. Wani ya ce ba zai taɓa fitowa ba. Ni kuma na ga bidiyon da aka ce wani ma'aikacin kamfanin ya faɗi ranar gaskiya a asirce. Maganar wa za mu kama?

Amsa: Ƙanena, ka ce su sake ɗora buta, don cikin su biyun babu wanda ya ci gardamar. Abin da ya fito daga bakin masu wasan, kamfanin Rockstar Games, ɗan kaɗan ne. A Fabrairun 2022 suka amsa cewa suna aikin sabon GTA. A farkon Disamban 2023 suka saki tallan farko, abin da ƴan fim ke kira tirela, suka rubuta 2025 a ƙarshensa. Ranar 2 ga Mayun 2025 suka ce a yi haƙuri sai 26 ga Mayun 2026, bayan kwana huɗu suka lallashi jama'a da tirela ta biyu. Ranar 6 ga Nuwamban 2025 suka sake ɗagawa zuwa Alhamis, 19 ga Nuwamban 2026. Ita ce ranar da ke tsaye yanzu da nake wannan rubutu. Sun kuma faɗi cewa labarin a Vice City zai gudana, cikin wata jihar ƙirƙira mai suna Leonida da aka kwaikwayo daga Fulorida ta Amurka, jarumansa Jason da Lucia, kuma a na'urorin wasa na PlayStation 5 da Xbox Series zai fito. Ka riƙe wannan. Sauran duk zancen fada ne, ko da da Turanci aka yi shi.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwon. A ƙarshen 2024 masoyan wasan a ƙasashen Turawa sun tasa wani hoton talla na kamfanin a gaba, suna auna girman watan da ke sararin samaniyar hoton, kamar masu duban watan Sallah, har suka tsayar da ranar da tirela ta biyu za ta fito. Ranar ta zo ta wuce, ko tari kamfanin bai yi ba. Sai a watan Mayu ta fito, ranar da babu wanda ya lissafa.

Abin da ya sa ake saurin yarda da masu cewa "wani na ciki ya gaya min" shi ne, sau ɗaya an taɓa yin ta da gaske. A Satumban 2022 wani matashi ɗan Ingila, ko shekara 20 bai kai ba, ya yi wa kamfanin kutse ya watsa gutsattsarin bidiyo kusan 90 na wasan tun yana ɗanye. Abin mamakin, a ɗakin otel ya yi aikin, da waya da talabijin da ƴar na'urar Amazon Fire Stick. Kamfanin ya amsa cewa bidiyon nasa ne, shi kuma yaron kotu ta sa aka tsare shi a asibiti a Disamban 2023. To tun daga nan kowane mai neman mabiya a TikTok ya zama "na ciki". Ka lura da bidiyon da ka gani: ba fuska, ba suna, sai murya da tsofaffin hotuna, sannan a ce ka danna ka bi shafi. Kai ne kasuwarsa.

Shi kuma mai cewa an gama an ɓoye, ya yi lissafin ɗan kasuwa mana, ai mu Maraɗawa ba a koya mana wannan. GTA V da ya fito ranar 17 ga Satumban 2013 ya tara dalar Amurka biliyan ɗaya cikin kwana uku, kuma zuwa yau an sayar da fiye da kwafi miliyan 200. Wace mai tuwo ce za ta kwashe ta rufe, alhali masu saye na tsaye da kwano a hannu? Uwar kamfanin, Take-Two, tana da masu hannun jari da take yi wa bayani duk wata uku, kuma da aka sanar da ɗagawar Nuwamba darajar hannun jarinta faɗuwa ta yi. Ba wanda ke jawo wa kansa wannan da gangan. Mai cewa ba zai taɓa fitowa ba kuwa ya tuna wasan Red Dead Redemption 2 na wannan kamfanin: sau biyu aka ɗaga shi, ya kuma fito ranar 26 ga Oktoban 2018. Masu GTA sun ga abin da ya sami wasan Cyberpunk 2077, wanda wani kamfanin ya saki a Disamban 2020 bai nuna ba, har Sony mai PlayStation ta cire shi daga kantinta na intanet aka riƙa mayar wa mutane kuɗinsu. Ni a ganina tsoron irin wannan kunyar ne ke riƙe su. Wanda ya ɗaga sau biyu kuma zai iya ɗagawa na uku, don haka kada ka ci caca da kowa a kan 19 ga Nuwamba.

Tambaya: Malam, wani mai zuba waƙoƙi a waya ya ce min yana da GTA VI na Android, dala ɗari, wato sefa 500, zai sa min. Akwai kuma wani adireshi da ake turawa a WhatsApp wai a sauke kyauta. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙarya ce, ɗana, daga ta dala ɗarin har ta kyautar. Ko GTA V na 2013 kamfanin bai taɓa sakinsa na waya ba, balle wanda bai fito ba. Na kwamfuta ma ba su yi maganarsa ba tukuna, kuma haka al'adarsu take: GTA V sai da ya yi wata 19 kafin ya iso kwamfuta a Afrilun 2015.

Makon jiya wani yaro mai koyon ɗinki ya shigo min, zare na maƙale a hannun rigarsa, ya ajiye waya a kan teburi yana murmushi, wai in ga abin da ni mai gyara ban samu ba. Na danna. Hoto mai kyau ya fito, bishiyoyin kwakwa da launin ruwan hoda, da VI ɓaro-ɓaro. Aka ɗan jima yana juyawa, sai ga CJ, jarumin tsohon GTA San Andreas, a kan kekensa, an dai canza masa riga. San Andreas ne na 2004 aka yi wa kwalliya. Yaron ya ce, "Kawu, ai sabon salo ne." Na ce ya duba nauyin abin da aka zuba masa. Bai kai giga biyu ba. Red Dead Redemption 2 faifai biyu ya zo da su a PlayStation 4, nauyinsa wajen giga 100. Ya yi shiru, ya ɗauki wayarsa. Shi ya yi sa'a, dala ɗari kawai ya rasa, kuma San Andreas ba abin yarwa ba ne, da tsohuwar zuma ake magani.

Na adireshin WhatsApp ɗin ne mugun. Da ka sauke zai nemi izinin karanta saƙonninka da lambobin mutanenka, ko ya ce ka shigar da lambarka da wasu alƙaluma da za a turo maka "don tabbatarwa". Alƙaluman nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Na wanke wayar wani da aka yi wa haka, bayan an riga an tura wa yayyensa da ke Agadas da Kano saƙo da sunansa wai yana kwance asibiti a taimaka. Hotunan bikin ƙanwarsa duk sun tafi a wankin. In ka riga ka sauke, ka goge yau, ka kunna makulli na biyu da ke cikin saitin WhatsApp.

Tambaya: Maigida, ina da gidan gem a Tibiri, PlayStation 4 guda uku. Ina shawarar sayar da babur ɗina na kabu-kabu in sayi PlayStation 5 tun yanzu, don in riga kowa kawo GTA VI. An ce faifan ma zai kai dala 100 ta Amurka.

Amsa: Ɗan'uwa, ka bar babur ɗinka ya ci gaba da kawo kuɗin cefane. Na taka wannan ƙayar da ƙafata, shi ya sa zan ɗan ja zancen.

A 2013 ina da gidan gem, PlayStation 2 uku da PlayStation 3 ɗaya da nake ji da ita kamar amarya. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ya ce zai kawo min GTA V tun kafin ya shigo Kano. Na ƙirga masa jikka 25, kuɗin da na tara don gyaran injin wuta. Wata biyu ina sintiri ƙofar shagonsa, yau kaya na Kwatano, gobe suna duwan. Ranar da ya miƙo min kwalin, ban tsaya ko gaisawa da kowa ba sai gida. Yara sun cika ɗaki har taga, na sa faifai, sai ga GTA IV na 2008, bangon kawai aka sauya. Dariyar da aka yi min ranar har yau in na haɗu da wasu cikinsu, yanzu magidanta ne, sai sun tuna min. Cinikin biri a sama na yi, ba wanda ya sa ni.

Amma babban darasin sai da na gaskiyar ya zo na gane shi. GTA ba ya ciyar da mai gidan gem. Mutum ɗaya ke riƙe da manet, wato abin sarrafa wasan, goma na bayansa suna kallo kyauta suna ba shi shawara, shi kuma ba ya son tashi don wasan ba shi da ƙarshen da za a ce an ci ko an sha kashi. Ƙwallo kuwa minti goma ne, mutum biyu sun biya, wanda aka ci ya tashi, na layi ya zauna. Ka duba littafinka na wata ɗaya ka gani, na tabbata ƙwallo ce ke biyan kuɗin wuta da haya. GTA VI zai ja maka jama'a mako biyu ko uku, a yi ta shigowa kallo, shi ke nan.

Ga kuma lissafin. Lokacin da PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020, mai cin faifai Yuro 500 ce a Turai, wato sefa kusan 328,000 tun kafin kuɗin ɗauko da na duwan. Ka saye ta yau, ta zauna tana shan ƙura da zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta, kafin wasan da ka saye ta dominsa ya iso, in ma ba a sake ɗagawa ba. Zancen dala 100 kuwa ba daga kamfanin ya fito ba, masu sharhin kasuwa ne suka yi hasashe aka ɗauka aka yi ta yayatawa. Manyan wasanni yanzu dala 70 ta Amurka ake sayar da su, wajen jikka 40 ke nan, Nintendo ce ta kai Mario Kart World dala 80 a 2025. Ka riƙa ajiye wani abu duk mako. In wasan ya fito, ka ga wani ya kunna shi da idonka, sannan ka saya. Kuma ka sayi mai cin faifai. Akwai wadda ba ta da ramin faifai, ta fi araha, amma komai sai ka sauke ta intanet, ka san kuwa yadda giga take a garin nan.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 12 ba shi da zance sai wannan GTA, har kuɗin tara ya fara ajiyewa wai na faifai. Mene ne shi? Daga wata uwa a Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Sunan wasan ma in an fassara shi, babbar satar mota yake nufi. Mai wasa yana zama ɗan fashi ne a cikin birni, akwai harbi, da ƙwace, da gidajen rawa, da zagi. A Turai an buga wa GTA V tambarin shekara 18, kuma tirelolin sabon ba su nuna alamar an sassauta ba. Ba na ɗan shekara 12 ba ne, ni ban bar nawa sun taɓa shi ba. Hankalinki ya kwanta ta gefe ɗaya, wasan bai fito ba, kuma kuɗin tara ba za su sayi na'urarsa ba. Abin dubawa shi ne wayar da yake riƙewa da gidan gem ɗin da yake zuwa, don tsofaffin GTA suna ko'ina. Ki turo min shi ranar Lahadi da wayar in ga abin da aka zuba masa, in sa masa ƙwallo da tseren mota. In kin amince ma ya riƙa zama da ni bayan la'asar, dama ina neman yaron da zai riƙa hure min ƙura daga cikin na'urorin nan.