Amsa: Karanta bayanan fom a ƙaramar sabar Python

Malam, ka ce sabar da ka rubuta da http.server tana sandarewa idan aka aiko fom, kuma sunaye na fitowa cike da alamar %.

Sandarewar daga rfile.read() take, wato umarnin da ke karanta abin da burauza ta aiko. Idan ba ka faɗa masa adadin da zai karanta ba, zai yi ta jira, burauza kuwa amsarka take jira. Ɗauki lambar da ke cikin Content-Length, wato bayanin tsawon saƙon da burauza ke haɗowa da shi, ka karanta daidai wannan adadin.

Batun % kuma, haka burauza ke shirya bayanai: tazara ta koma +, ƙ ta koma %C6%99. Kada ka tsaga su da hannu, na taɓa lalata sunayen mutane a haka. Miƙa wa parse_qs na urllib.parse, kayan aikin Python da ke warware su. Ka dai lura jeri yake dawo da shi ga kowane fili, kuma yana watsar da filin da aka bari fanko sai ka sa keep_blank_values=True.

Fom mai ɗauke da hoto tsarinsa daban ne, multipart/form-data, kuma an cire cgi, kayan aikin da a da ke karanta irin wannan fom, daga Python 3.13. A nan koma Flask, wani tsarin gina manhajar yanar gizo da Python. In sabar za ta hau intanet tana karɓar kalmar sirri, nemi masanin tsaro ya duba maka tukuna.