Ƙanena ne ya sayo ƙwayar, abokinsa ya sha ya mutu: za a ce shi ya kashe shi?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a ɓoye sunana. Ƙanena ne aka kama, shi da abokinsa suka haɗa kuɗi ya je ya sayo musu tiramol, abokin kuma ashe tun rana ya sha kodin da wasu ƙwayoyin, da asuba aka je tashinsa ba rai, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Yanzu dangin mamacin sun ce shi ya kashe musu ɗa, yana tsare. Wani ya ce min a Amurka irin waɗannan in sun ɗaukaka ƙara ana sakinsu, gaskiya ne? Kuma mu nan fa? Daga wata 'yar uwa a Rigasa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya jiƙan yaron, shi kuma naku Allah ya shirye shi.

Abin da aka faɗa miki akwai ƙamshin gaskiya amma ba duka aka ba ki ba. Shari'ar da ta fi suna ita ce ta wani Marcus Burrage a jihar Ayowa. A 2010 ya sayar wa wani mutum giram 1 na hiroyin, mutumin ya mutu, aka ɗaure shi shekara 20 saboda dokar can ta ce in ƙwayar da ka sayar ta jawo mutuwa to mafi ƙarancin hukunci kenan. Matsalar ita ce da aka gwada jinin mamacin ba hiroyin kaɗai aka gani ba, ya sha wasu ƙwayoyin kala-kala kafin nan, kuma ƙwararrun da aka kira shaida sun ce eh hiroyin ɗin ta taimaka, amma ba wanda ya iya cewa da bai sha ta ba da yana raye. A kan wannan gaɓar ce Kotun Ƙolin Amurka ta soke wancan hukuncin a Janairun 2014, ta ce "ta taimaka" bai isa ba, sai an tabbatar cewa ba don ita ba da bai mutu ba.

A Ingila ma an yi ta wani Kennedy, shi har sirinji ya haɗa ya miƙa wa abokinsa, abokin ya yi wa kansa allurar ya mutu a 1996. An sami Kennedy da laifin kisa, sai a 2007 babbar kotunsu ta wancan lokacin ta soke, hujjarta ita ce baligi mai hankali da ya ɗauka da hannunsa ya sha, zaɓinsa ne. Ki lura da shekarun fa, kusan 10 tsakanin ɗauri da wankewa. Kuma dukansu biyu daga alhakin mutuwar aka wanke su, laifin ba da ƙwaya yana nan daram, wannan ne masu ba da labarin a majalisa ba sa faɗa.

To mu dawo gida. Hukuncin Amurka ko Ingila ba ya ɗaure alƙalin Kaduna, lauya dai zai iya kawo shi a matsayin misali. Amma tushen ɗaya ne: sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi sai an tabbatar, kuma a shari'ar kisa dole masu gabatar da ƙara su nuna cewa abin da wanda ake tuhuma ya yi shi ne sanadin mutuwar, ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. Anan ne maganar jana'iza ta shigo. Mu ba ma son a taɓa mana gawa, ba ma son ta kwana, kuma na fahimci dalilin, amma mutuwar ƙwaya ba kamar sara ko harbi ba ce da ido zai gani. In ba a ɗebi jini ba, ba a yi binciken gawa ba, wa zai rantse cewa tiramol ɗin ƙanenki ce ba kodin ɗin rana ba, ko haɗuwarsu, ko wani ciwo da yaron ke da shi? A ganina nan ne ƙarfin kariyarsa yake. Sai dai kar ki yi murna da wuri, dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tana hukunta mallaka da rarraba irin waɗannan kaya, wanda ya sayo ya miƙa zai iya faɗawa ciki ko bai ci ribar ko sisi ba.

Kar ku zauna jiran ɗaukaka ƙara, ita kotun sama galibi takardun abin da aka yi a ƙasa take karantawa, abin da lauya bai tayar ba tun farko da wuya ya shigo daga baya. Ku nemi lauya yanzu, in ba hali ku je ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa hali lauya, kyauta suke yi. Ya tambaya ko akwai rahoton likita, ya duba yadda aka ɗauki jawabin ƙanenki a ofishin 'yan sanda, don da yawa a nan suke sa hannu kan abin da ba su karanta ba. Ta'aziyya manyanku su je, amma kar wanda ya yi wa shaidu maganar kuɗi, wani sabon laifin ne. In kuma Allah ya sa hukunci bai zo da daɗi ba a Babbar Kotu, kwana 90 ne wa'adin shigar da takarda a Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma reshenta yana nan cikin Kaduna.