Ɗana ya fara raina mutane saboda karatu, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 11 ya haddace izu 20, ya kuma ci musabaƙa a Islamiyyarsu. Yanzu yana gyara wa kakarsa Fatiha a gaban baƙi, yana ce wa 'ya'yan maƙwabta jahilai. Babansa ya ce a hana shi buɗe baki a gaban manya. Ni kuwa ina tsoron kada a kashe masa zuciya. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya shi, ya sa wa karatun albarka.

Kada a rufe masa baki. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa wanda ke da girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Da wani ya kawo maganar son tufa da takalmi masu kyau, sai Annabi (SAW) ya bayyana cewa girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ki auna yaron da wannan. Ya san Fatiha ya faɗa, babu laifi. Kunyata tsohuwa da kiran yara jahilai, nan cutar take.

Mu Hausawa mukan ɗauki shirun yaro a matsayin tarbiyya, har mu yabe shi da kunya alhali tsoro ne. Ki gaya wa maigida labarin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari. Annabi ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Yaron ya san dabino ce, amma ya yi shiru don shi ne ƙarami a wurin. Da ya faɗa wa mahaifinsa daga baya, Umar ya ce da ya faɗa da ya fi soyuwa a gare shi fiye da abu kaza da kaza.

Abin da za ki koya masa shi ne yadda ake faɗa. Ya jira baƙi su tafi, ya durƙusa kusa da kakarsa ya ce, "Kaka, mu karanta tare." Ku zauna ku bi wasiyyar Luƙman ga ɗansa, a Suratu Luƙman daga aya ta 13 zuwa ta 19: uban da ya ce ka yi umarni da kyakkyawa, shi ne ya ce kada ka karkatar wa mutane da fuska, kuma ka sassauta murya.

Ku daina kiransa Alaramma ana dariya, ku daina fito da shi ya yi wa kowane baƙo ƙira'a. Ki kai shi gaban gwanin da zai tsayar da shi a kan ƙa'idojin tajwidi irin su madda da gunna, ya ɗanɗana yadda gyara yake. Yaran da yake rainawa kuma, a ba shi ɗaya ya riƙa biya masa allo bayan la'asar.

Sai tambayar da ba ki yi ba: a ina ya ji kalmar jahilai? Sau da yawa a tsakar gida ne, lokacin da manya ke hirar 'yan wancan masallacin, Izala ce ko Ɗariƙa. Ki saurari hirarku ta mako guda kafin ki kira shi faɗa.