Tambayoyin Masu Karatu: Ramin Gawayin Ƙasa na Anu Araren

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Damagaram. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023 mun sha duhu ƙwarai, amma wani ɗan'uwana da ke zaune a Agadas ya ce mini su wutarsu ba daga Najeriya take zuwa ba, daga gawayin ƙasa na Cirozerin ake samunta. Ina roƙon a yi mini bayanin tarihin wannan wuri da yadda ake aikin haƙar, domin ɗalibaina sun tambaye ni na rasa amsar da zan ba su.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan'uwanka ya faɗi gaskiya, domin layukan wutar arewacin Nijar ba a haɗe suke da waɗanda ke shigowa daga Birnin Kebbi da Katsina ba. Wurin da yake nufi shi ne Anu Araren, kusa da garin Cirozerin, kimanin kilomita 75 arewa maso yamma da Agadas. Kalmar anu a harshen Abzinawa tana nufin rijiya, sai ga shi yau an fi sanin wurin da wani irin rami wanda ba ruwa ake nema a cikinsa ba.

Abin da ya kamata ka fara gaya wa ɗalibanka shi ne, ba don haskaka gidaje aka buɗe wannan rami ba, don yuraniyom aka buɗe shi. Masu bincike na hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ne suka ci karo da gawayin a shekarun 1960, suna cikin neman yuraniyom a yammacin duwatsun Abzin. Kamfanin Somair ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, Cominak kuma ya biyo baya a Akokan a 1978, kuma dukkansu masu cin wuta ne da yawa. Man dizal da za a zuba wa injinansu sai ya keto tun daga gaɓar teku a cikin tankoki, ga shi kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya tun daga 1973. Wannan ne ya sa gwamnatin Seini Kunce ta kafa kamfanin Sonichar a 1975 don haƙar gawayin da samar da wuta, wanda gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka a cikinsa. An fara haƙa a 1980, tashar wuta ta soma aiki a 1981, kuma tana da injina biyu da kowannensu ke ba da megawat 18.8.

Game da yadda ake haƙar, idan ka ji an ce mahaƙar gawayi, kada ka ɗauka irin ta Inugu ce, inda a da leburori suka riƙa shiga ƙarƙashin ƙasa da fitila a goshi. Ta Anu Araren buɗaɗɗen rami ce, sararin sama na bisa kan ma'aikaci duk tsawon yini. Dalili kuwa shi ne gawayin bai yi nisa sosai ba, don haka ya fi sauƙi a yaye ƙasar da ke kansa gaba ɗaya, kamar yadda ake ɗage murfin tukunya, a kan a yi ta fafe hanyoyi a ƙarƙashi ana tokare su. Ana huda dutsen da ke sama a jere, a cusa nakiya, a janye mutane nesa, sannan a tayar da ita. Bayan ƙura ta lafa sai katafiloli su shigo su riƙa loda wa manyan tifofi, su kuma su haura da ɓaraguzan su zubar a gefe ko a ɓangaren ramin da aka riga aka cinye. Bangon ramin hawa-hawa ake sassaƙa shi kamar matakala, don kada ya rufto wa na ƙasa, kuma don motoci su sami hanyar kewayawa. Wanda ya tsaya a baki ya leƙa zai ga ƙasa mai launin toka da ja-ja a sama, can ƙasa kuma ga baƙin shimfiɗi ya miƙe, wanda ragowar itatuwa ne na fadamun da suka wanzu a nan fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce. Yawancin wahala da kuɗin wannan aiki a kwashe ƙasar banza suke tafiya, domin kafin a cika tifa ɗaya da gawayi sai an kawar da tifa da dama na duwatsu.

Daga ramin sai a kai gawayin injin niƙa, bel ya ɗauke shi zuwa tanderu, wutar tanderu ta tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke haifar da lantarki. Wannan gawayi yana da toka da yawa, wato bai kai na wasu ƙasashe ƙarfin wuta ba, shi ya sa aka gina tashar a bakin ramin, tunda asara ce a biya kuɗin mota a yi ta jigilar toka zuwa nesa. Ruwan kuwa, a irin wannan hamada, daga rijiyoyin burtsatse ake janyo shi ta bututu. Wayoyi masu ƙarfin kilobolt 132 ne ke kai wutar Arlit da Akokan, kamfanin wutar lantarki na ƙasa, Nigelec, kuma yana sayen wani kaso ya rarraba wa Agadas da Cirozerin da Arlit.

Kada ka ɗauka mutanen Agadas sun rabu da ɗaukewar wuta. Injinan sun haura shekara 40 suna aiki, garuruwan sun ninka girmansu na da, amma ƙarfin tashar yana nan inda yake. Ban da haka, Cominak ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021, Sonichar ya rasa ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutarsa. A ganina rashin sabunta injinan da wuri kuskure ne, domin tun farko an ɗaure rayuwar tashar da kasuwar yuraniyom, ita kuwa kasuwa ce mai hawa da sauka.

TAMBAYA: Ni matar aure ce a Tawa. Shin gawayin da ake sayar mana na girki, wanda ake cewa na Cirozerin ne, shi ne wanda ake haƙowa daga ramin kai tsaye?

AMSA: Daga can yake, Malama, amma ba ɗanye ba ne. Ɗanyen gawayin ƙasa yana da hayaƙi mai wari da cutarwa, don haka sai an gasa shi a rufe an kore yawancin hayaƙin kafin a zuba shi a buhu, kuma an ɓullo da shi ne don a rage saran itatuwa. Yana da wuyar kamawa fiye da gawayin itace, amma idan ya kama yakan daɗe yana ci. Ki riƙa hura shi a tsakar gida inda iska ke kaiwa da komowa, kada ki shigar da murhun ɗaki ki rufe ƙofa a lokacin hunturu, domin iskar da yake fitarwa ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa.