Likita, karen maƙwabci ya ciji ɗana, amma ƙafar ta warke

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan zaman unguwa suka zo: dabba tana gidan wani, ciwo yana gidan wani. Na haɗa su wuri ɗaya. Akwai guda da na karanta sau uku, a kanta zan fi daɗewa, masu sauran tambayoyin ku yi mini haƙuri.

Likita, na ga kaska ta maƙale a bayan kunnen 'yata bayan ta yi wasa da karen gidan da ke kusa da mu. An ce in ɗiga mata kananzir ko in kanga mata ashana.

Kada ki yi ko ɗaya, 'yar uwa. Ki sa hantsaki ki kama ta daf da fata, ki ja a hankali ba tare da murɗawa ba, ki wanke wurin da sabulu. In zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya cikin 'yan makonni, ki kai ta asibiti, kuma ki faɗa musu zancen kaskar.

Likita, yau kwana biyar da karen maƙwabcinmu ya ciji ɗana mai shekara bakwai a ƙwauri. Shatin haƙori biyu ne kawai da ɗan jini. Mai karen ya zo ya ba da haƙuri, ya ce karensa lafiyarsa ƙalau, ya yanko gashin karen aka ƙona aka shafa tokar a wurin. Na kai yaron kemis aka yi masa allurar tetanus. Yanzu ciwon ya bushe, yana ta wasansa. Maigida ya ce a bar zancen, kada a ɓata zumuncin shekara goma saboda kare. Akwai sauran abin yi?

Hajiya, akwai, kuma yau za a yi shi, ba gobe ba. Kina gama karanta wannan ki ɗauki yaron ku tafi babban asibiti, ki ce kare ne ya cije shi, kina neman allurar rigakafin haukan kare. Ki ambaci sunan allurar da bakinki. Ta tetanus da aka yi masa tana da amfaninta, tana tare ciwon sarƙe haƙora, amma ba ruwanta da haukan kare. Hanyar jirgi daban, ta mota daban. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa: an dai yi allura, sai hankali ya kwanta.

Bushewar ciwon ma ba shaida ba ce. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare. Haƙori ya shigar da ita cikin tsoka, sai ta kama jijiya tana hawa sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Duk tsawon wannan tafiya ba zazzaɓi, ba raɗaɗi, yaro na cin abincinsa yana buga ƙwallonsa. Yawanci wata biyu zuwa uku take ɗauka kafin ta nuna kanta, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Cizon fuska da na wuya sun fi sauri, don hanyar gajeriya ce. Allurar tsere take yi da ƙwayar, tana koya wa jiki faɗa kafin ita ta isa. In ta riga ta isa har alamu suka bayyana, kusan babu mai tashi. Ba na faɗin irin wannan magana da wasa.

Ina sabon likita aka kawo mana wani yaro sa'ar ɗanki. Leɓɓansa sun bushe, shi da kansa yake roƙon a ba shi ruwa. Uwar na miƙo kofi sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture kofin yana zare ido. Iskar fanka in ta taɓa fuskarsa haka yake zabura, sai da muka kashe ta. Muka yi ta tambaya ko kare ya taɓa cizonsa, kowa ya ce a'a, sai can yayarsa ta tuna wani ɗan kwikwiyo da ya ɗan kama masa yatsa wata biyu baya. Na duba yatsan, ko tabo babu. Kwana uku ya yi a hannunmu, kuma iyakar abin da muka iya yi masa shi ne mu sa shi barci.

Zancen tokar gashi kuwa, wallahi na gaji da jin sa. Wasu barkono suke zubawa, wasu kananzir, wasu ruwan batir, wasu su ɗaure ƙafar tamau. Babu ɗaya da ke kashe ƙwayar. Ƙazanta ake cusa wa rauni, ana kuma cinye lokacin da ya kamata a ce ana kan hanyar asibiti. Abin da ke aiki yana gidan kowa: ruwa da sabulu. Da zarar an yi cizo a wanke wurin ana kwarara ruwa, minti 15 cur, a duba agogo, don minti 15 sun fi yadda ake zato tsawo. Sannan a shafa aidin in akwai. Kada a naɗe wurin, kada kuma a bari wani ya ɗinke shi a kemis.

A asibiti za su tsara ranakun allurar: ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, a wani tsarin kuma da ƙarin ɗaya tsakanin rana ta 14 da ta 28. Tunda haƙori ya huda fata har jini ya fito, za su iya ƙara wata da ake kira imunogulobulin, wadda ake yi a cikin raunin da kewayensa don ta tare ƙwayar nan take kafin rigakafin ya kankama. Kada a yi ɗaya a tsallake sauran. Kuma ba allurar ciki ta zamanin da ba ce da ake tsorata yara da ita, a damtse ake yi. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganin ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wannan rigakafi a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Amma har yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin mutum kusan 59,000 ke mutuwa da cutar duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Yanzu maganar maigida. Na fahimce shi, zaman tare sai da kara. Amma zuwa asibiti ba kai ƙara ba ne. Maƙwabcin da ya tako ya ba da haƙuri mutumin kirki ne, to a tambaye shi cikin mutunci ya nuna katin rigakafin karen da kwanan watan allurar ƙarshe. "Lafiyarsa ƙalau" ba kati ba ne. Kare kan fara zubar da ƙwayar a yawunsa 'yan kwanaki kafin a ga canji a halinsa, kuma ba kowanne ke yin hauka ba, wani lafewa yake yi, ƙafafu su saki, yawu na dalala. A ɗaure karen a sa masa ido har kwana 10 daga ranar cizon. Kada a kashe shi, kada a sayar, kada a kai shi wata unguwa a yar, don in ya ɓace shaida ta ɓace. In ya cika kwana 10 garau, likitanku ne zai ce ko a dakatar da sauran allurai, ba mai kare ba. In ya mutu, ko ya gudu, ko ya canza hali, a sanar da asibiti da likitan dabbobi a ranar. Sai dai ba za ku zauna jiran kare ba. Ana allura ana kallon kare. Ki kai shi yau, Hajiya.

Ku kuma masu karnuka, in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar tana daina yawo a tsakaninsu. Karenka yana cikin lissafin.

Likita, ina da ciki wata huɗu, magen maƙwabta kuma kullum tana gidanmu. Surukata ta ce in na haɗiye gashinta zan kamu da tarin fuka ko cikin ya zube.

Ki gaishe da Mama, ki ce mata akwai abin kiyayewa amma ba a gashi yake ba. Tarin fuka daga mutum zuwa mutum yake tafiya, ta iskar da mai cutar ya tara. Gashin da aka haɗiye ta bayan gida yake fita. Wasu dai jikinsu ba ya shiri da mage, su yi ta atishawa ko asma ta tashi, wannan kuma daga yawunta da fatarta ne.

Kashinta ne abin gudu. Yana iya ɗauke da ƙwayar toksofilasma, wadda in mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya taɓa ido da ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikin. Ƙwayar sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyar a kashin kafin ta iya kama mutum, saboda haka a riƙa kwashewa kullum, kuma wani ya kwashe, ba ke ba. In dole ke ce, ki sa safar hannu ki wanke hannu bayan nan. Naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba su ma babbar hanya ce. Kada ki fasa zuwa awo. In magen ta cije ki ko ta yaƙushe ki, amsar da ke sama taki ce, don mage ma tana ɗaukar haukan kare.

Likita, yarana biyu sun yi makero a ka tun da suka fara wasa da 'ya'yan mage a lungu. Na shafa musu man birki, wurin ya yi ja ya ɗuri ruwa.

Man birki na mota ne, Malam, ƙona fatar kake yi, kuma inda ya ƙone sosai gashi ba ya sake fitowa. Makeron ka ba ya jin man shafawa shi kaɗai, don cutar tana cikin tushen gashi. Magani ne na sha, na makonni shida zuwa takwas, kuma likita ne zai auna shi da nauyin yaro. Mayukan nan na gauraye masu kwantar da ƙaiƙayi nan take suna ƙara baza shi. A raba musu mataji da hula da tawul. Tunda wurin ya ɗuri ruwa, kada ka kai ƙarshen mako ba ka kai su asibiti ba.

Likita, ni da iyalina kullum da ciwon kai da jiri muke tashi, in mun fita sai ya wuce. Mun sha maganin maleriya sau biyu. Maƙwabcinmu kan kunna janareta da dare a lungun da tagarmu take, ina jin nauyin yi masa magana.

Malam, maleriya ba ta kama gida guda da asuba ta sake su da hantsi. Wannan ya yi kama da gubar hayaƙin janareta, iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar oksijin. Mai barci ba ya farkawa ya ji yana shaƙewa, barcin ne yake zarcewa. Yara da masu ciki da ƙananan dabbobin gida su take fara kayarwa.

Daren yau kada kowa ya kwana a ɗakin nan muddin injin yana aiki a wurin. Rufe taga bai isa ba. Janareta a fili ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙin na kallon wani gefe. Ka je ka same shi da wannan amsar a hannunka, ka gaya masa cewa lungun nan ɗaya ne, hayaƙin na shiga wurin iyalinsa kamar yadda yake shiga wurin naka. In wani ya yi amai, ko ya rikice, ko ya ƙi farkawa, a fitar da shi waje a wuce asibiti kai tsaye. Oksijin yake bukata, ba madara ba. Ku ma da kuka daɗe kuna shaƙa ku je a duba ku.

Likita, an zuba maganin ɓera a tsakar gidan hayarmu, na ga ɗana mai rarrafe da shi a baki. Na ɗura masa mai ya yi amai, yanzu lafiya lau.

Ki kai shi asibiti yanzu, ki tafi da ledar maganin ko kwalinsa. Da yawa daga cikin magungunan ɓera hana jini daskarewa suke yi, ba a ganin komai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, sannan jini ya ɓalle ta hanci ko dasashi ko ta ciki. Akwai makarinsa, bitamin K, amma sai an gwada jinin. Kuma don Allah ku daina ɗura wa yara mai ko ruwan gishiri don su yi amai, yana iya faɗawa huhu ya zama wata cutar ta daban. Masu zuba magani a gidan da ake zama da yawa, ku sanar da kowa, ku sa shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Likita, tantabarun maƙwabci sun cika mini baranda da kashi. Akwai illa?

Ƙurar busasshen kashin ce matsalar. Ka yayyafa ruwa kafin ka share, ka rufe hanci da baki. Mai asma ko mai raunin garkuwar jiki kada ya yi wannan aikin. Tarin da ya wuce mako biyu, a je a duba.

Likita, haushin karen bayan gidanmu ya hana ni barci. Wata maƙwabciya ta ba ni ƙwayoyin barcin mijinta.

Ki mayar mata da su, Baiwar Allah. Ba ki san ƙarfinsu ba, kuma irinsu suna kama mutum ya kasa barci sai da su. Ki gwada abin toshe kunne. Karen da ke haushi dare duka sau da yawa yunwa yake ji, ko ƙishirwa, ko an ɗaure shi yini guda bai motsa ba, to maigidanki ya yi wa mai shi magana da rana, lokacin da ran kowa yake kwance. In rashin barcin ya ci gaba bayan karen ya yi shiru, ki zo a auna jininki.