Tambaya da Amsa: Gasasshiyar Taliya da Naman Talo-talo a Miyar Madara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da sauran naman talo-talo da na gasa jiya, ina so in yi wa iyalina mutum shida gasasshiyar taliya mai miyar madara da shi. Don Allah a ba ni awo da yadda ake haɗawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Kin zaɓi hanya mai kyau, domin dama abinci ne da aka fi yi da sauran nama. A Amurka suna kiran irinsa tetrazzini. Ga awon mutum shida: taliya gram 400, dafaffen naman talo-talo gram 500, bota gram 60, fulawa gram 60, romon nama rabin lita, madara mai cikakken maiƙo rabin lita, gurzajjen cuku gram 150, albasa ɗaya, tafarnuwa ƙwaya 3, sai gishiri da baƙin barkono da ɗan garin gyaɗar ƙamshi. Gajeriyar taliya mai rami, kamar makaroni, ta fi riƙe miya, kuma ta fi daɗin rabawa a faranti.

Ki fara kunna obin a zafi digiri 180 na ma'aunin Celsius. Ki dafa taliyar a ruwan gishiri, amma ki sauke ta minti 2 zuwa 3 kafin lokacin da aka rubuta a jikin leda, yadda idan kika ciza za ki ji ɗan tauri a tsakiya. Ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar ki ajiye kafin ki tsane.

A wata tukunya ki narka botar a ƙaramar wuta, ki soya albasar har ta yi laushi, ki sa tafarnuwa, sannan ki zuba fulawar ki yi ta juyawa na minti 2. Daga nan ki riƙa zuba romon ludayi-ludayi kina kaɗawa, sai madarar ta biyo baya. Bayan minti 5 tana tafasa a hankali za ta yi kauri. Ki sauke daga wuta, ki zuba gram 100 na cukun, ki ɗanɗana gishiri. Ki haɗa taliya da nama da miya, ki juye a kwanon gashi mai tsawon santimita 33 da faɗin 23 wanda kika shafa wa bota. Ki barbaɗa sauran cukun da garin busasshen burodi cokali 4 a kai, ki gasa minti 25 zuwa 30, har gefe ya fara ɓulɓulowa, saman kuma ya yi ja. Ki bar shi minti 10 kafin ki yanka, don miyar ta kama jikinta.

Tambaya: Na bi awo daidai, amma da na fitar daga obin sai na tarar ya bushe, kamar ban sa miya ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, 'yar'uwa, kuma babban dalilinta shi ne: taliya ba ta daina shan ruwa don an sauke ta daga tukunya. Duk tsawon rabin awar da take cikin obin tana tsotse miyar, zafi kuma yana ƙafar da wani ruwan ta sama. Saboda haka haɗin da ya yi miki daidai a ido kafin gashi, busasshe zai fito. Dole ya shiga obin da ruwa-ruwa, har ki ji a ranki kamar miyar ta yi yawa.

Ga yadda za ki gwada. Ki tsoma cokali a miyar ki ɗaga, ki ja yatsa a bayansa. Idan layin ya tsaya amma miyar tana zuba daga bakin cokalin kamar zare, ta yi. Idan tana faɗowa guda-guda, ta yi kauri, sai ki sassauta ta da ruwan taliyar da kika ajiye. Wannan ruwan ya fi ruwan famfo amfani a nan, domin sitacin da ke cikinsa yana taimaka wa miyar ta manne wa taliya. Ki lura da kwanon ma: idan ya cika faɗi, haɗin zai baje ya yi siriri, ruwan ya ƙafe da sauri. Zurfin santimita 5 ya isa. Idan kuma obin ɗinki mai fanka ne, ki rage zafin zuwa 160, ki rufe da takardar foyil na minti 15 na farko.

Tambaya: Miyata tana yin gudaji, wani lokacin kuma mai ya taso a kai ta tsinke.

Amsa: Matsaloli biyu ne daban. Gudaji yana zuwa ne idan aka juye ruwa da yawa lokaci guda a kan fulawa. Ludayin farko zai mai da haɗin dunƙule, kada ki tsorata, ki kaɗa shi har ya yi sumul kafin ki ƙara na biyu. Idan gudajin ya riga ya yi, ki tace miyar da rariya, babu abin da ya ɓaci.

Tsinkewa kuwa daga cuku take. Idan aka zuba shi a miyar da ke tafasa, zafin yana sa shi ya ƙulle ya saki mansa, sai ki ga mai a sama da tsaki-tsaki a ƙasa. Ki sauke tukunyar tukuna, ki zuba shi kaɗan-kaɗan. Wanda kika gurza da hannunki ya fi narkewa, domin wanda ake sayarwa a gurje yawanci ana barbaɗa masa gari don kada ya manne. Madarar da aka cire wa maiƙo ma ta fi saurin tsinkewa.

Tambaya: Ni ɗanyen nama gare ni. Zan iya sa shi haka ya dahu a obin?

Amsa: A'a, malam, ka dafa shi tukuna. Ɗanyen nama zai saki ruwa a cikin miyar, kuma ba lallai ne ya dahu ba kafin taliyar ta caɓe. Ka sayi gram 700, domin yana raguwa a dahuwa. Cinya ta fi ƙirji dacewa, tana da maiƙo, tana jure wuta sau biyu, shi kuwa ƙirji nan da nan yake bushewa. Ka dafa a ruwa lita ɗaya da albasa a ƙaramar wuta, har tsakiyar naman ta kai digiri 74 a ma'aunin zafi. Ka yayyaga shi manya-manya, romon kuma shi za ka yi miyar da shi. Idan za ka ƙara koren wake ko karas, ka tsane su sosai kafin su shiga.

Tambaya: Kwana nawa sauran zai yi, kuma yaya zan ɗumama?

Amsa: Kada ya wuce awa 2 a waje bayan an sauke. A firji, cikin rufaffen mazubi, zai yi kwana 3 zuwa 4. Wajen ɗumame ki yayyafa madara cokali 2 a kan rabon kowane mutum ɗaya, ki rufe, ki sa a zafi 160 har tsakiyarsa ta yi zafi sosai. Ki ɗumama iya abin da za a ci kawai.